Sarar Bahago a Gonar Dutse

Jiya da la'asar hadari ya haɗo daga wajen Dabai, baƙi ƙirin, aka yi wata tsawa da ta sa kwanon da ke hannuna ya suɓuce. 'Yata ta yi ta dariya, wai ga mai ba da waƙa a zumuntar matan majami'a tana tsoron tsawa. Na ƙyale ta ta yi dariyarta ta ƙoshi. Ita a cikin garin Zuru aka haife ta, abin da ta sani game da damina bai wuce a kwashe shanya a tara bokiti a bakin kwano ba. Ni kuwa duk lokacin da sama ta yi irin wannan tsagewa, sai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasar gonarmu ya dawo mini, in tuna Baba, in tuna daminar da kowa ya ƙi taka mana gona.

Ishaku ne sunan mahaifina, amma da sunana ake kiransa, Baban Rifkatu, manomi ne a wani ɗan ƙauye da ke bayan Dabai, a jikin duwatsu. Ban taɓa ganin mutumin da ya riƙe ibada da noma hannu bibbiyu kamarsa ba. Zakara na cara yake tashe mu addu'a, ya rera waƙa da wata murya da ko awakinmu ba sa jin daɗinta, sannan ya saɓa fartanya. Ranar Lahadi ba ya taɓa ƙarfen noma, ko da a ce ruwan shuka ya sauka ranar Asabar ne kowa yana rige-rige. Damin farko da aka ɗaure a gonarsa kuwa na majami'a ne, shi da kansa yake ɗauka a ka ya kai ranar godiyar kaka. Abin da ya fi damun Mama da shi, ba ya ƙarya ko ta kasuwa. In ya kai akuya sayarwa, shi zai fara gaya wa mai saye cewa tana tari da safe. Mama takan ce an ba ta miji nagari, amma an hana ta riba.

Gona ɗaya ce ta riƙe gidanmu, gonar dawa da ke kwance a jikin tudu. Kakanninmu sun jera duwatsu layi-layi don kada ruwa ya wanke ƙasar, saboda haka hawa-hawa take kamar matakala. Gindinta yana bakin hanya, samanta kuma ya ƙare a ƙarƙashin wani ƙaton dutse mai inuwa, inda masu aiki suke hutawa su sha kunu. Saman nan shi ya fi wuya, ga tsakuwa ga tofa, sai mai ƙarfin gwiwa yake hawa.

A wannan gonar Ayuba yake yi mini golmo. A wajenmu saurayi ba ya samun mata sai ya yi wa uban yarinya noma shekara da shekaru, shi da abokansa, kuma dattawa ba sa lissafa shi cikin maza sai ya cika wannan aikin. Baba ya bar abubuwa da yawa na gargajiya, amma bai bar golmo ba, ya ce bai ga zunubi a cikin gumi ba. Ayuba bahago ne. In ya yi noma ko ba ka gan shi ba za ka gane, domin kowa yana kifa ciyawa ta gefe guda, shi yana kifa tasa ta ɗaya gefen, sararsa kuma tana shiga ƙasa a karkace. Ina yawan zolayarsa cewa layinsa kamar na mai fushi da jama'a. Uwarsa gwauruwa ce mai bin hanyar kakanni, shi kaɗai ne ɗanta namiji. Shi kuwa yana zuwa sujada, ya zauna can baya, kuma ban isa in rantse ko wa'azi yake zuwa ji ko ni yake zuwa kallo ba. Waccan daminar ce ta ƙarshe a golmonsa.

Lokacin wayar hannu ta fara shigowa, samari suna hawa kan dutse neman sabis. Shekarar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ba ta yi ido ba, rumbunmu bai kai rabi ba. Tun kafin shuka Mama ta fara auna tsaba da ƙaramar ƙwarya. Duk begenmu yana kan wannan gonar, in ta lalace babu wata.

An gama noman farko lafiya, dawa ta kai gwiwa. Ranar da za a fara maimai, wato noma na biyu, Ayuba ya riga abokansa zuwa, ya hau saman gona shi kaɗai don ya rage musu wurin wuya. Hadarin ba wani babba ba ne, ko yayyafin kirki bai yi ba. Ina tsakar gida ina surfe na ji tsawa sau ɗaya tak, mai ƙarfi, har ƙasa ta amsa. Abokansa ne suka same shi kwance a gindin dutsen. Suka ɗauko shi, suka bar fartanyarsa a inda ta faɗi, domin babu wanda ya yarda ya taɓa ƙarfen. Ba zan tsaya bayanin kukan da na yi ba. Na so shi, kuma har yau in na tuna yadda yake share gumi da bayan hannun hagu sai zuciyata ta yi nauyi.

Bayan an binne shi a makabartar danginsu, dattawan unguwa suka zo wajen Baba. Suka ce wurin da tsawa ta ci mutum ba a shigarsa sai an wanke shi, a yanka baƙar akuya a zuba giya a gindin dutsen. Ba da faɗa suka zo ba, yawancinsu tare suka yi ƙuruciya da shi. Baba ya saurare su har ƙarshe, ya sa aka kawo musu ruwa, sannan ya ce ba zai iya ba. Ya ce gonar tun da daɗewa ya danƙa ta ga Ubangiji, ba zai karɓe ta ya ba wani ba. Suka ce to, amma ya sani babu ɗansu da zai saka ƙafa a ciki. Abokan golmon Ayuba suka watse. Da aka yi maganar gayya a majami'a kowa ya ce amin, ranar gayyar kuwa sai wannan ya tashi da ciwon kai, wancan kuma surukarsa ba ta da lafiya. Ban ga laifinsu sosai ba yanzu, amma a lokacin na ji haushinsu ƙwarai.

Baba ya ce shi zai nome abinsa ko zai kai kaka yana yi. Bai samu ya fara ba. Wani ƙurji da ya daɗe yana ƙaiƙayi a idon sawunsa ya fashe, sai ga kan kurkunu fari kamar zare. Kafin a yi haka wani ya ɓullo a ɗaya ƙafar, wani a gwiwa. Ruwan tafki muke sha a lokacin, kurkunu kuma ba ya kama mutum sai ana tsakiyar aiki. Ƙafafun suka kumbura suka yi sulɓi, ko bayan gida sai mun riƙe shi ni da Mama. Kullum da safe ni nake jiƙa ƙafar, in naɗe abin da ya fito a jikin tsinke a hankali, don in ya tsinke a ciki ciwon ya fi muni. Ina naɗewa yana cije leɓe yana rera waƙarsa.

Na ce ni zan je in yi noman. Mama ta tsaya a ƙofa ta ce sai dai in taka ta in wuce, an ɗauke mata suruki ba za a ɗauke mata 'ya ba. Baba bai tilasta kowa ba. Ya juya fuska bango.

Ruwa kuwa kamar an buɗe bakin tulu. Safe da yamma yana zuba, bangon ɗakin girki ya jiƙe ya fara zubewa, itace ya ƙi kamawa sai hayaƙi. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga baya ya zama kunu mai ruwa-ruwa. Muka shiga cin tafasa da rama da zogale, yau kwaɗo gobe fate, har bakinmu ya yi ɗaci. Ƙannena biyu ƙanana suka daina wasa, su zauna a bakin murhu suna kallon tukunya tun ba a ɗora ba. Yunwar damina daban take, ko'ina kore shar, ido yana ganin yalwa ciki yana ƙugi. Duk ruwan da ya sauka kuma mun san ciyawa yake ciyarwa a gonarmu, ba dawa ba.

Wata safiya Baba ya ce in je in tsaya a bakin hanya in dubo masa, ba sai na shiga ba. Yana so ya san ko akwai sauran abin yi wa addu'a. Na tafi. Daga nesa na hango ciyawa ta shanye tsakiyar gonar, dawa ta yi rawaya a cikinta. Da na matso sai na ga layukan gindin gona a nome. Noma ne marar ƙarfi, sama-sama, wani wurin an tsallake, amma dai noma ne. Na bi ta hanyar awaki da ke gefen gona na hau don in ga sama. Can ma an nome, tas, babu ko tsinke. Ƙasar tana da danshi, ciyawar da aka kifa ba ta ko yi yaushi ba. Kuma duk an kifa ta ne ta gefen da mutum ɗaya kaɗai na sani yana kifawa.

Ban san yadda na iso gida ba. Na gaya wa Baba an yi noma, ban faɗi maganar gefen ba. Ya ɗaga hannu ya yi godiya, ya ce wani bawan Allah ne yake jin kunyar a gan shi. Mama ta tambaya a majami'a, kowa ya ce ba shi ba ne, wasu ma suka ja da baya daga gare ta. Magana ta bazu. Masu zuwa itace suka ce da sassafe, cikin hazon ruwa, suna jin ƙarar ƙarfe a kan tsakuwa daga wajen dutsen. Wani makiyayi da yake kawo mana nono ya ce shanunsa sun daina yarda su bi ta nan, sai ya zagaya da su.

Na ci gaba da zuwa ina leƙawa. Noman yana tafiya ta fuska biyu, daga ƙasa yana hawa a hankali, daga sama yana saukowa da sauri, ciyawar tsakiya tana ta ƙanƙancewa. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne shirun wurin. Ko kurciya ba ta kuka a gonar. Sau da yawa nakan ji kamar wani ya ɗago daga sunkuyo yana kallona, in juya in ga dawa ce kawai take kaɗawa.

Ranar da na kasa jurewa, na fita gari na wayewa na laɓe a bayan wata ɗorawa da ke bakin hanya. Hazo ya rufe tudun, ba a ganin dutsen. Can na ji sara, kaf, kaf, a hankali, ana yi ana hutawa. Sai ga mutum a sunkuye cikin layukan ƙasa, ɗan ƙarami, da tsohon zane a ƙirji. Uwar Ayuba ce. Na durƙusa a inda nake na yi kuka, rabi na tausayi rabi na sauƙin da na ji. Na ce wa kaina baƙin ciki ne ya sa na ga sarar bahago a inda babu ita.

Da na kai labari, sai ga hawaye yana bin gemun Baba. Ya aiki Mama ta yi mata godiya, ta kuma tambaye ta ko ba ta tsoron wurin. Tsohuwar ta ce abin da zai ɗauka a gonar ya riga ya ɗauka, ba ta da sauran abin da za a ƙwace mata. Ta ce ba ta son ko zangarniya ɗaya. Abin da take so, in kaka ta yi Baba ya tsaya gaban dattawa ya ce Ayuba ya cika golmonsa. In ba haka ba a matsayin yaro zai kwanta har abada, ba za a ɗora masa tukunyar da ake ɗora wa maza a kan kabari ba.

Wannan roƙon ya hana Baba sukuni fiye da kurkunun. Ya ce zai ba ta rabin gonar in tana so, zai faɗa wa duniya cewa ita ta cece mu, amma yaya zai buɗe baki ya ce Ayuba ya yi aikin da uwarsa ce ta yi? Mama ta ce kalma ɗaya ce fa, don Allah ya sassauta wa kansa ko sau ɗaya. Ni ma na yi fushi da shi, na daina amsa masa waƙa in ina naɗe masa tsinke. Bai canja ba. Ya ce zai yi ta addu'a ko za a nuna masa hanya.

Maimai ya ƙare, dawa ta farfaɗo ta yi baƙi-baƙi, ta fid da kai. Muka lallaɓa da ɗanyar masara da gyaɗar bayan gida har ruwa ya ɗauke. Kurkunu na ƙarshe ya fita, Baba ya fara takawa da sanda. Da dawa ta nuna ya ce a tafi girbi, kuma a kira uwar Ayuba ta ga abin da hannunta ya yi. Mama ta bi mu tana addu'a a ƙasan maƙoshi. A gindin gona muka tarar da tsohuwar zaune a kan jerin duwatsu. Baba ya sunkuya da ƙyar ya gaishe ta, ya fara godiya, sai ta tare shi.

"Baban Rifkatu, ni ad da godiya. Da ciwonka da komi, kullum in na zo sai in iske ka riga ni ka yi na sama. Ni gwiwata ba ta hawa wurin ga, ko sau ɗaya ban kai ba."

Baba ya dube ta, ya dube ni. Ni ce nake riƙe shi zuwa bayan gida duk tsawon daminar, na san ko ƙofar gida bai taka ba.

"Ba ni ba ne, Inna," in ji shi. "Ban fita ɗaki ba."

Tsohuwar ba ta razana ba. Ta murza wata zangarniya a tafin hannunta.

"To," ta ce. "Ni dai ina jin sara cikin hazo. Da na hango yadda aka kifa ciyawa, na ce ko ciwo ne ya sa ka juya hannu."

Sai a lokacin na faɗa wa Baba abin da na gani a sama tun ranar farko. Ya dogara sandarsa ya fara hawa, mataki bayan mataki, ina binsa a baya Mama tana kiran sunana. A gindin dutsen muka ga fartanyar Ayuba. Ba a yashe take ba yadda abokansa suka ce sun bar ta. A jingine take da dutsen, kai sama, yadda yake ajiye ta in zai sha kunu. Ƙarfen da ya kwana a waje damina guda ba shi da ɗigon tsatsa, bakinsa yana ƙyalli, ya cinye ta gefe ɗaya. Baba ya cire hularsa. Na zaci zai yi doguwar addu'a irin tasa, amma abin da ya ce kawai shi ne, "Sannu da aiki, ɗana."

Muka girbe dawar, ba mu taɓa samun irinta ba. Mama ta ji tsoron tuƙa ta, Baba ya ce a tuƙa, ya sa albarka ya fara kai loma, sannan ƙannena suka faɗa wa kwanon. Damin farko ya ɗauka a ka ya kai majami'a kamar kullum, yana ɗingishi. Fasto ya tambaye shi a keɓe me ya gani a can sama, ya ce bai ga kowa ba, fartanya ya gani, kuma bai san fiye da haka ba. Washegari ya sa rigarsa ta Lahadi ya tafi inda dattawa suke zama, ya tsaya a gabansu ya ce Ayuba ya cika golmonsa, babu sauran layi ɗaya da ake binsa. Suka dubi juna. Sun san in Ishaku ya ce akuya tana tari to tana tari, don haka babu wanda ya tambaye shi hujja. A cikin kakar nan aka ɗora wa Ayuba tukunyarsa. Baba bai je wurin ba, amma fartanyar da kansa ya kai wa uwar.

Ba a yanka akuya ba har yau. Shekara ta zagayo mutane suka dawo gonar da kaɗan-kaɗan, ba a kuma sake jin sara cikin hazo ba. Na yi aure daga baya, mijina soja ne, a ofis aka ɗaura, ko kunya ɗaya bai noma wa Baba ba, ina kuma tuna masa in ya cika baki. Yanzu ƙauyen akwai famfon burtsatse, yaran ba su san kurkunu ba, ciyawa kuma magani ake fesa mata. Baba ya ci gaba da nomansa har ƙarfinsa ya ƙare, bai fasa addu'ar asuba ba, bai kuma taɓa ba da labarin nan a wurin ba da shaida a majami'a ba. Abu ɗaya ne ya ƙaru a cikin al'adarsa. Kullum in ya isa gona, kafin ya sunkuya, sai ya ɗaga kai wajen dutsen ya yi sannu da aiki, ko da kuwa babu kowa a wurin.

Bara muka binne shi. Ƙanena ne yake noma gonar yanzu, da injin feshi a bayansa da waya a kunne. Makon jiya na kai masa abinci, na tarar ya sauka rafi ɗebo ruwan feshi, gonar ba kowa. Na ajiye kwanon a kan jerin duwatsu, na ɗaga kai wajen dutsen, sai na ji bakina ya yi gaisuwar da kansa. Na ɗan tsaya ina saurare kafin in zauna.